Gas Ɗinmu Yana Faransa, Injinmu Yana Kwance A Fadama

Ya 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa masu zaman rumfa da masu talla, yau maganar mai da gas za mu yi. Mun sani ba baƙuwar magana ba ce gare ku, domin ba wanda ya fi ku sanin kuɗin lita. Amma akwai wani gefe nata da ba a gaya muku a rediyo, kuma masu zuwa yawon neman ƙuri'a ba su taɓa shi. Shi muke so mu shimfiɗa muku a faifai, kowa ya gani da idonsa, sa'an nan ya yi hukunci.

Duk wanda ya bi fadamar Haɗejiya da rani, daga Auyo zuwa Kiri Kasamma har Guri, ya san ƙarar da take tashi tun kafin hantsi. Ƙarar injin ban-ruwa ce. Da ita ake samun shinkafar rani, da alkama, da tattasai, da attarugu, da albasa, da tumatir, waɗanda suke cika motoci zuwa Kano da Kudu. Kakanninmu da jigo suka yi lambu, kuma kogi da kansa yake malalowa ya shayar da fadama ya koma. Da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara datse shi a Challawa a 1992, sai malalar nan ta canza hali, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani wuri ya bushe. Manomi ya koma ga 'yar rijiyar burtsatse da inji da mesa. Watau yau abincin ƙasar Haɗejiya a bakin jarkar fetur yake rataye. In jarka ta cika a ci, in ta ƙafe a yi tagumi.

To, ku tuna ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ranar nan ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Bayan kwana biyu kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi: naira 488 a Ikko, watau Legas, naira 557 a Maiduguri. Ku lura da wannan bambanci, domin ma'anarsa ita ce gwargwadon nisanka da teku, gwargwadon tsadar da za ka sha. A Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000 a Abuja. Ta ɗan sauko a 2025, amma ba ta ko leƙa inda ta fito ba. A ce injinka yana shan lita 5 a wuni. Abin da yake ƙasa da naira 1,000 a farashin gwamnati a farkon 2023, a ƙarshen 2024 ya zama naira 5,000. Ka lissafa kwanakin ban-ruwa daga dashe zuwa yanka, ka ga ko buhu nawa na shinkafarka mai gidan mai ya riga ya cinye tun tana kore.

KAMFANI MAI HANNU BIYU

Yanzu bari mu gabatar muku da wani baƙo wanda ya daɗe a gidan nan har ya san inda ake ajiye ludayi. Sunansa TotalEnergies, amma ku da Total kuka san shi, mai gidajen man nan da kuke gani a Kano da sauran manyan garuruwa. Kamfanin Faransa ne. A 1924 aka kafa shi bisa ga shawarar gwamnatin Faransa, domin ta ga a yaƙin duniya na farko cewa ƙasar da ba ta da mai ba ta da ƙarfi, ita kuwa ba ta da rijiyoyin kirki a ƙasarta. Saboda haka tun ran da aka haife shi aikinsa shi ne ya fita ƙasashen mutane ya nemo wa Faransa makamashi.

Ya shigo Nijeriya a 1956, muna ƙarƙashin mulkin mallaka, ya buɗe gidan mansa na farko a unguwar Yaba cikin Ikko. Yau yana da gidajen mai fiye da 500 a ƙasar nan. Wannan shi ne hannunsa na hagu, wanda yake karɓar kuɗi a bakin famfo. Hannunsa na dama kuwa yana can Kudu, cikin ƙasa da cikin teku. Wani kamfanin Faransa, wanda daga baya aka san shi da Elf, ya fara neman mai a nan a 1962, ya samu a Obagi cikin Jihar Ribas ta yanzu a 1964. Daga bisani Total ya haɗiye Elf, suka zama abu guda. Yana da rijiyoyin gas a Obite, yana da manyan filaye a tsakiyar teku irin su Akpo da aka fara hakowa a 2009, da Egina a ƙarshen 2018.

Sauran abokan zuwansa duk sun sauke alamunsu ko sun sayar da gidajen mansu. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙwace kamfanin BP na Ingila a 1979 saboda maganar wariyar launin fata a kudancin Afirka, gidajen mansa suka koma AP. Na Agip aka sayar a 2002, suka shiga cikin abin da ya zama Oando. Na Texaco suka koma MRS. Mobil ya sayar da hannun jarinsa na gidajen mai ga 'yan kasuwar cikin gida. Total ne ya rage riƙe da igiya biyu, yana haƙowa a can, yana sayarwa a nan. Shi ya sa muka ɗauke shi misali, ba don shi kaɗai ne mai cin wannan kasuwa ba.

INA GAS ƊIN YAKE TAFIYA?

Allah ya hore wa Nijeriya gas fiye da yadda ya hore mata ɗanyen mai. Ƙididdigar hukuma ta ce akwai fiye da ƙafa tiriliyan 200 a binne, ba ƙasar da ta kai mu a duk Afirka. Shekara da shekaru kamfanonin mai suna cinna masa wuta yana ƙonewa a sama dare da rana, domin ɗanyen mai suke so, gas kuwa ya zame musu kaya. An yi doka a 1979 aka ce a daina nan da 1984. Aka yi ta ɗaga ranar kamar bikin da ba a shirya ba, mutanen ƙauyukan Neja Dalta kuwa suna shaƙar hayaƙi, rufin kwanonsu yana ruɓewa. Su ma talakawa ne irinmu, kada wani ya raba mu da su.

A 1989 aka kafa kamfanin NLNG a tsibirin Bonny don a riƙa sayar da gas ɗin nan waje. Ga yadda ake yi, don kada a ruɗe ku da manyan kalmomi. Ana jawo gas ta bututu daga rijiyoyi, a tace shi, a sanyaya shi da sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, har ya koma ruwa. In ya koma ruwa sai ya tsuke kamar sau 600, a ɗura shi cikin manyan jiragen ruwa. Jirgin farko ya tashi daga Bonny a Oktoban 1999, kuma a tashar Montoir ta Faransa ya sauke kayansa.

Su wa ke da wannan kamfani? NNPC, watau gwamnatinmu, tana da kashi 49 cikin 100. Shell yana da 25.6, TotalEnergies 15, Eni na Italiya 10.4. Ɗan kasuwa ba ya bukatar malamin lissafi ya gaya masa cewa baƙin nan uku in suka haɗa kai suna da 51. Masana'antar tana iya fitar da tan miliyan 22 a shekara, kuma a Disamban 2019 aka yanke shawarar ƙara mata sashe na bakwai don ta kai tan miliyan 30. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, Turai ta rasa gas ɗin Rasha, sai ga manyanta suna zarya Abuja. Sifen da Fotugal da Faransa suna cikin manyan masu sayen gas ɗinmu, da shi suke kunna wuta, da shi suke ɗumama ɗakuna da hunturu. A Yunin 2024 TotalEnergies da NNPC suka amince za su zuba dala miliyan 550 a wani filin gas mai suna Ubeta a Jihar Ribas. Ina za a kai gas ɗin Ubeta? Su da bakinsu suka faɗa, Bonny za a kai shi, a ciyar da sashen nan na bakwai.

Ku kuma dubi gidajenmu. Matar talaka a Birniwa ko Kaugama da kara da itace da kashin shanu take girki, idonta yana hawaye. Mai bandar kifi a bakin kogi itace yake nema, kuma kowace shekara sai ya ƙara nisa kafin ya samu. Ana sare itatuwa, hamada tana matsowa daga arewa, sa'an nan a tara mu ranar dashen itace a yi mana lacca a kan illar sara. To, da me za a dafa tuwo? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

YADDA YAKE YI A GIDAN UBANSA

Wannan ita ce maganar da muke so kowane ɗan jam'iyya ya haddace, ya maimaita ta a majalisa da bakin kasuwa. A 2022, shekarar da tsadar makamashi ta kama duniya, TotalEnergies ya ci ribar dala biliyan 20.5. A 2023 ya ci biliyan 21.4. Talakawan Faransa ba su yi shiru ba. 'Yan majalisarsu suka tayar da maganar a ɗora wa irin wannan riba haraji na musamman. Ma'aikatan matatun kamfanin suka tafi yajin aiki a kakar 2022, har gidajen mai suka ƙafe, motoci suka yi layi a birnin Faris. Gwamnatinsu ta kira shi ta ce ya yi wani abu.

Ya kuwa yi. Daga Satumban 2022 ya rage kwabo 20 na yuro a kan kowace lita a gidajen mansa na Faransa. A Fabrairun 2023 shugaban kamfanin, Patrick Pouyanné, ya fito a talabijin ya yi alkawari cewa komai tashin kasuwa, lita ba za ta wuce yuro 1.99 ba a gidajen mansu fiye da 3,000 na ƙasar, kuma aka ci gaba da wannan alkawari har cikin 2024. Ku duba shekarar da kyau. A 2023 ne, shekarar da aka ce wa manomin Haɗejiya kasuwa ce take yanka farashi, ba mai iya sa mata hannu, ko gwamnati ko kamfani.

Ashe ana iya sa mata hannu. Ashe kamfani yana jin magana in ya ga mai maganar da gaske yake. Abin da ya raba direban Faransa da manomin Auyo shi ne wancan yana da wakilai masu tsoronsa, wannan kuwa wakilansa sai ranar zaɓe suke tuna hanyar garinsu.

A YI ADALCI

Jaridar nan ba ta ƙarya don ta ci gardama, saboda haka bari mu faɗi abin da masu kare kamfani za su ce. Za su ce NLNG ya biya gwamnati biliyoyin daloli na haraji da rabon riba. Gaskiya ne. Za su ce tun 2022 NLNG ya yanke shawarar duk gas ɗin girki da yake fitarwa a cikin gida za a sayar da shi. Gaskiya ne. Za su ce TotalEnergies ya ba da sanarwa cewa ya daina ƙona gas na yau da kullum a wuraren da yake gudanarwa a Nijeriya tun ƙarshen 2023. Haka ya faɗa. Za su ce yawancin gidajen man da ke kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya na 'yan kasuwarmu ne, ba na Bature ba, kuma abin da mai gidan mai yake samu a kan lita kaɗan ne. Wannan ma haka yake. Saboda haka kada wani ya je ya zagi yaron da ke riƙe da bakin famfo, ko ɗan bumburutu mai jera kwalabe a bakin titi. Su ma cikinsu suke nema wa.

Za su kuma ce tallafin mai ɓarayi ne suka cinye shi, ana karɓar kuɗin man da ba a kawo ba, ana tsallaka wani ta iyaka a sayar a Nijar. Wannan mun daɗe da sani, tun binciken Majalisar Wakilai na 2012. Amma tambayarmu ita ce, ɓarawo nawa aka ɗaure? An bar ɓarawo ya tafi da akuya, an kama mai akuya an ce ya biya kuɗin igiya.

Kamfani ba waliyyi ba ne, ba kuma ya ce shi waliyyi ne. Riba ya zo nema, kuma duk inda ya ga kasuwa ba ta yi masa ba sai ya naɗe tabarmarsa, kamar yadda ya sayar da gidajen mansa na Mali da Burkina Faso a 2025. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wa ya ba da lasisin haƙowa? Wa yake da kashi 60 cikin 100 a filin Ubeta, kamfani yana da 40? Wa yake zaune a kujerar kashi 49 a Bonny? Wa ya karɓi biliyoyin dalolin nan? Gwamnatinmu ce. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

DATTAWA SUN GA IRINTA

Dattawan da suka yi zamanin gyaɗa ba za su yi mamakin wannan labari ba. Da layin dogo ya taso daga Kano ya bi ta Malam Madori ya kai Nguru a 1930, ba don talaka ya ziyarci dangi aka shimfiɗa shi ba. Don a kwashe gyaɗa da fata a kai bakin teku aka yi shi. Kamfanonin Turawa suna da ma'auni a gefe guda suna sayen gyaɗarka yadda suka ga dama, suna da kanti a ɗaya gefen suna sayar maka da atamfa da gishiri da kananzir yadda suka ga dama. Kuɗin da ka karɓa da safe a wannan ƙofa, da la'asar ka mayar ta waccan. Tsakaninka da su kuwa akwai 'yan barandan gida masu cin la'ada. A kan irin wannan ne Malam Aminu Kano da abokansa suka tashi tsaye a 1950, aka yi ta ɗaure su ana bulala. Yau an canza gyaɗa da gas, an canza kanti da gidan mai, 'yan baranda kuwa sun koma ofisoshi masu sanyi.

Ko bututun da ake ta yi mana albishir da shi, ku dube shi da kyau. A ƙarshen Yunin 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, aka ce cikin shekara biyu za a gama. Shekara biyun ta wuce, aka yi ta sa sabuwar rana. Muna maraba da shi, Allah ya sa masaƙu da masana'antun Kano da suka mutu su farfaɗo. Amma a Kano ya tsaya a kan takarda. Shirin da ke bayansa kuwa, wanda ministocin Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka sa wa hannu a Yulin 2022, shi ne a zarce da shi ta cikin Sahara har bakin tekun Bahar Rum, a kai wa Turai. Watau an zana wa gas hanyar kilomita dubbai ta cikin rairayi, ba a zana masa 'yar karkata zuwa fadamar da take ciyar da jama'a ba.

DAREN MAJIYA

Tilas ne mu ambaci abin da zuciya ba ta so. An gina matatar Kaduna a 1980, aka ja bututu zuwa ma'ajiyar mai ta Hotoro a Kano, don Arewa ta samu mai a kusa. Aka bar matata ta kwanta. Saboda haka man da manomin Haɗejiya yake zubawa a injinsa a bayan tanka yake zuwa, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga bakin teku, a kan hanyoyi masu ramuka.

A daren 15 ga Oktoba 2024 wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar nan tamu ta Haɗejiya. Mai ya malala cikin kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar mutum fiye da 100 a rami guda, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗejiya da wasu garuruwa, daga baya adadin mamata ya haura 200. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ba mu ɗora wannan haɗari a kan wani kamfani ba. Kuma muna roƙon jama'a da babbar murya, duk inda tanka ta faɗi ku gudu, ba litar da ta kai ran ɗan Adam. Amma masu cewa kwaɗayi ne ya kashe mutanen Majiya, su tuna cewa a watan nan ne lita ta haura naira 1,000. Mutumin da cikinsa yake cike ba ya fita da tsakar dare ya kwashi fetur a kwata.

ABIN DA MUKE NEMA

Talaka bai zauna yana jiran gwamnati ba. Tun 2023 manoman rani da dama suka kai injunansu wurin makanikai aka canza musu kafireto, suna ɗaura tukunyar gas ɗin girki maimakon fetur, domin sun ga ya fi sauƙi. Wannan dabara daga bakin fadama ta fito. Sai kuma gas ɗin girkin ya yi tashin gwauron zabi, har a Oktoban 2024 ƙaramin ministan gas, Ekperikpe Ekpo, ya ba da umarnin a daina fitar da wanda aka samar a cikin gida zuwa waje daga 1 ga Nuwamba. Kun ga ke nan gwamnati ta san tana da ikon cewa a ba na gida tukuna.

Dokar man fetur ta 2021 ma ta ba hukuma ikon ta tilasta wa kowane mai haƙar gas ya ware wani kaso don kasuwar cikin gida. Dokar kuma ta kafa asusu na shimfiɗa kayan rarraba gas, wanda ake zuba masa kwabo 50 daga kowace naira 100 ta cinikin sarin mai da gas a ƙasar nan. Ku sani kuɗin nan a kanku yake ƙarewa. Duk litar da kuka saya kun yi zubi a wannan adashi. To, yaushe ne kwasarku?

Ga abin da jam'iyyarmu take nema, a fili, ba rufa-rufa.

Na ɗaya, kada a sake sa hannu a kan wata yarjejeniyar sayar da gas waje, da TotalEnergies ko da wani, sai an rubuta a cikinta kason da za a bari don girki da noma da wutar lantarki a gida, a kuma buga shi a jarida da Hausa kowa ya karanta.

Na biyu, a ɗebi kuɗi daga asusun nan a gina babbar ma'ajiyar gas a Haɗejiya, da ƙananan wuraren ɗuri a Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori da Guri, don manomi ya daina biyan kuɗin mota a kan kuɗin gas.

Na uku, ƙungiyoyin manoman rani da na masu bandar kifi da na masu injin niƙa su samu gas a farashin da aka yanka tun farkon rani, wanda ba zai motsa ba sai an yi girbi. In an iya yi wa direban Faris haka, ana iya yi wa mai shinkafar Auyo.

Na huɗu, a horar da makanikanmu yadda ake juya inji zuwa gas ba tare da haɗari ba, a kuma riƙa duba tukwane da mesa, domin gas wuta ne, ba ya son ganganci.

Na biyar, gwamnatin jiha ta faɗa mana ƙarin da ta samu daga asusun tarayya tun da aka cire tallafi, da nawa ne daga ciki ya shiga fadama. A ƙasar Haɗejiya aka ƙaddamar da noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya a Nuwamban 2023, manya suka zo aka yi jawabi aka watse. Alkama kuwa ba ta shan jawabi.

Ya 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kai wannan magana ƙungiyoyinku na kasuwa, 'yan kifi da 'yan tattasai da 'yan hatsi da direbobi da 'yan acaɓa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku rubuta takarda ku sa hannu ku kai wa ɗan majalisarku na jiha da na tarayya, ku ajiye kwafi, ku rubuta ranar da kuka kai. In ya dawo neman ƙuri'a da atamfa da taliya da sabulu, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa ya sha kamar yadda aka san mutanen Haɗejiya da karamci. Sa'an nan ku fito da kwafin nan ku tambaye shi, a gaban jama'a, sau nawa ya miƙe a majalisa ya yi maganar gas ɗin manomi. In ya amsa, madalla. In ya kama kame-kame, kun san abin yi ranar jefa ƙuri'a.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya kiyaye mu da ambaliya da gobara, ya ba talaka sawaba. Amin.